Yaƙin Okinawa na 1945: kwana 82 da manoman wani tsibiri suka yi tsakanin sojan Amurka da na Japan

Duk ranar 23 ga watan Yuni, in rana ta take tsaka, jama'ar Okinawa ta ƙasar Japan sukan yi tsit na minti ɗaya. Ba a zuwa makaranta a ranar, ofisoshin jihar ma a rufe suke. Suna tuna yaƙin da aka gwabza a kan gonakinsu cikin 1945 tsakanin sojojin Amurka da na Japan, yaƙin da ya ci rayukan mutum wajen 200,000 cikin ƙasa da wata uku. Shi ne babban gumurzu na ƙarshe a Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ya sa muka ɗauko shi a filinmu na tarihi kuwa shi ne, kusan rabin waɗanda suka mutu ba sojoji ba ne. Manoma ne, da masunta, da tsofaffi, da mata da goyo, da ƴan makaranta.

Ina ne Okinawa?

Okinawa shi ne babba a jerin tsibiran da ake ce ma Ryukyu, can kudu da Japan, cikin tekun Fasifik. Tsakaninsa da babban yankin Japan akwai ruwa na kusan kilomita 550. Tsibiri ne siriri mai tsawo. Tsawonsa bai wuce kilomita 110 ba, watau bai ma kai rabin hanyar Maradi zuwa Damagaram ba, a wani wurin kuma faɗinsa ƴan kilomita kaɗan ne. Arewacinsa duwatsu ne da kurmi. A kudu ne mutane suka fi yawa, nan ne babban birnin Naha yake, nan ne kuma tsohuwar fadar Shuri take.

Mutanen wurin suna da harshensu da al'adunsu daban da na Japan. Sun yi ɗaruruwan shekaru da sarautarsu, har zuwa 1879 lokacin da Japan ta sauke sarkinsu ta maida ƙasar ɗaya daga cikin jihohinta. Akasarinsu talakawa ne masu noman dankali da rake. Ƙasar kudancin tana da dutse mai ramuka, kogo ko'ina, su kuma suna ce ma kogon "gama". Ku riƙe wannan kalma, za mu komo gare ta.

Me ya kawo yaƙi can?

Ranar 7 ga Disamba 1941 jiragen Japan suka far ma sansanin jiragen ruwan Amurka a Pearl Harbor, cikin tsibiran Hawai. Daga nan Amurka ta shiga yaƙin. Da farko Japan ta yi ta cin ƙasashe, amma daga 1942 reshe ya fara juyewa da mujiya. Amurkawa suka riƙa ƙwace tsibirai ɗaya bayan ɗaya suna matsowa: Guadalcanal, sannan Saipan a 1944, sannan Iwo Jima a Fabrairu da Maris na 1945.

Okinawa ita ce ƙofar ƙarshe. Tana da filayen jirgin sama da mashigar jiragen ruwa, saboda haka duk wanda ya riƙe ta yana iya tara runduna ya shiga Japan kanta. Manyan sojan Japan sun san ba za su iya hana tsibirin faɗuwa ba. Abin da suke nema shi ne lokaci: a ja yaƙin ya daɗe, a kashe Amurkawa da yawa, kafin a gama shirin kare babban yankin. Har yau mutanen Okinawa suna cewa an maida su kamar ɗan da mai dara ke bayarwa a ci don ya tsirar da sauran.

Wahala ta fara tun kafin sojan Amurka su taka tsibirin. An shiga kwashe yara da tsofaffi zuwa Japan, sai ranar 22 ga Agusta 1944 wani jirgin ƙarƙashin teku na Amurka ya nutsar da jirgin Tsushima Maru. Sama da mutum 1,400 suka halaka, wajen 780 daga cikinsu ƴan makaranta ne. Ranar 10 ga Oktoba kuma jiragen sama suka yi ma Naha ruwan bama-bamai, kusan duk birnin ya ƙone.

Yadda aka ja daga

Amurka ta zo da jiragen ruwa wajen 1,300 da sojan ƙasa kimanin 180,000, ƙarƙashin Janar Simon Buckner. Jiragen ruwan Ingila ma sun taimaka daga kudu. Japan tana da mayaƙa kusan 100,000 ƙarƙashin Janar Mitsuru Ushijima. Sai dai a cikin wannan adadi akwai ƴan tsibirin sama da 20,000 da aka ɗebo daga gona aka sa ma kaki ba tare da wani horo na kirki ba. Har samari ƴan shekara 14 zuwa 17 an kwaso daga makarantu, ana aiken su da saƙo, suna ɗaukar harsashi, wasu ma an ba su nakiya su je su tare tankar yaƙi. Ƴan mata kuwa aka tura su jinyar masu rauni.

Wani hafsa mai suna Kanal Hiromichi Yahara ne ya tsara dabarun Japan. Ya ce kada a tare abokan gaba a bakin teku, inda igwar jiragen ruwa za ta murƙushe kowa. A shige ƙarƙashin ƙasa, a haƙa ramuka cikin tuddan kudu, a haɗa kogo da kogo, a jira. Hedikwatar rundunar ma a rami aka yi ta, ƙarƙashin fadar Shuri.

Ranar sauka

Ranar 26 ga Maris 1945 Amurkawa suka kama ƙananan tsibiran Kerama da ke yamma. Ranar Lahadi 1 ga Afrilu suka sauka a Okinawa kanta, a gaɓar Hagushi. Sun zo da shirin mutuwa, amma sai suka tarar da wurin shiru. Kafin faɗuwar rana mutum wajen 60,000 sun hau tudu, an kuma kama filayen jirgi biyu, na Yomitan da na Kadena. Cikin ƴan kwanaki suka raba tsibirin biyu. Arewa ta faɗi cikin mako uku, duk da an yi ɗauki ba daɗi a duwatsun Motobu da tsibirin Ie.

To, da suka juya kudu ne suka gane shirun nan tarko ne.

Wuta a teku

A teku, makamin Japan shi ne matuƙan jirgin sama ƴan ƙunar baƙin wake, waɗanda ake ce ma kamikaze. Saurayi zai tashi da jirgi cike da bam, ba da niyyar komowa ba, ya je ya afka ma jirgin ruwan Amurka. Daga Afrilu zuwa Yuni an kai manyan hare-hare goma irin wannan, da jirage kusan 1,500. Ranar 11 ga Mayu biyu daga cikinsu suka faɗa ma Bunker Hill, wani ƙaton jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama, suka kashe kusan mutum 400 a tashi ɗaya. A duk tsawon yaƙin an nutsar da jiragen ruwan Amurka 36, an lalata 368, sojan ruwa wajen 4,900 suka mutu.

Japan ta kuma turo Yamato, jirgin yaƙin da ba a taɓa ƙera wanda ya fi shi da ɗan'uwansa girma ba. Bai ko iso ba. Ranar 7 ga Afrilu ɗaruruwan jiragen saman Amurka suka tare shi a hanya suka nutsar da shi, da mutum wajen 3,000 a cikinsa.

Tuddan Shuri

A ƙasa kuwa, yaƙin ya koma na taku-taku. Kowane tudu sai an biya shi da jini. Sojan Japan sukan laɓe cikin rami har ruwan igwa ya wuce, sannan su fito ta wata ƙofa su buɗe wuta. Amurkawa sai suka koma amfani da tankoki masu feshin wuta, suna zuba fetur cikin kogo, suna toshe bakinsa da nakiya. A tudun Kakazu an yi kwanaki ana kai gwauro ana kai mari. Wani ɗan tudu da Amurkawa suka laƙaba ma suna Sugar Loaf ya yi ta sauya hannu daga 12 zuwa 18 ga Mayu, a mako gudan nan sojan Amurka sama da 2,600 suka mutu ko suka ji rauni.

A tudun Maeda ne aka yi wani abu da har yau ake labari. Wani sojan jinya Ba'amurke, Desmond Doss, wanda ya ƙi riƙe bindiga saboda aƙidarsa, ya tsaya shi kaɗai a bisa tudun ana ta harbi, yana janyo masu rauni yana sauke su ƙasa da igiya ɗaya bayan ɗaya. An ƙiyasta ya tsirar da mutum 75, aka kuma ba shi lambar girma mafi daraja ta sojan Amurka.

Ranar 8 ga Mayu labari ya iso cewa Jamus ta miƙa wuya, yaƙi ya ƙare a Turai. A Okinawa ba wanda ya samu sukunin murna. Ƙarshen watan damana ta sauka kamar da bakin ƙwarya, motoci suka kafe, ramukan sojoji suka cika da ruwa, gawarwaki suna ruɓewa cikin taɓo ba halin binnewa. Ruwan harsashi da bam ɗin da aka zuba ma tsibirin ya sa mutanen wurin suke kiran wannan lokaci da guguwar ƙarfe. Ranar 29 ga Mayu Amurkawa suka shiga Shuri, suka tarar fadar ta zama toka.

Gaba kura, baya sayaki

Nan ne labarin ya fi ciwo. Maimakon ya tsaya a Shuri a ƙare, Janar Ushijima ya janye sauran rundunarsa zuwa ƙurewar kudu don a ƙara jan lokaci. Can kuwa dubban talakawa suka riga suka gudu, suna ɓoye cikin kogo da cikin manyan kaburburan kakanninsu, waɗanda ake ginawa da dutse kamar ɗaki. Soja da farar hula suka cakuɗe a ɗan wuri, teku a bayansu, igwa a gabansu.

Waɗanda suka tsira sun ba da shaida iri ɗaya daga ƙauyuka daban-daban. Sojan Japan, waɗanda aka ce sun zo kare su, sukan kori iyali daga kogo su shige, su ƙwace ɗan abincin da ya rage. An kashe jarirai don kada kukansu ya tona maɓoya. Rundunar ta ba da umarni cewa duk wanda aka ji yana magana da harshen Okinawa a ɗauke shi ɗan leƙen asiri, an kuwa kashe mutane a kan wannan zargi. A tsibiran Yaeyama da ke can kudu, soja suka tilasta ma mutane barin garuruwansu zuwa kurmi mai sauro, zazzaɓin cizon sauro ya kashe sama da 3,600. Ta ɗaya gefen kuma, bam da wutar Amurka ba su bambanta kogon soja da na mata da yara.

Sannan ga tsoro da aka shuka a zukata. Shekara da shekaru ana gaya ma mutane cewa faɗawa hannun abokin gaba abin kunya ne, kuma Amurkawa za su ci mutuncin mata su bi ta kan maza da tanka. A wurare da dama soja sun raba ma farar hula gurneti. A tsibirin Tokashiki kaɗai sama da mutum 300 suka mutu a hannun kansu da na danginsu.

Kogo biyu a ƙauye ɗaya

A yankin Yomitan, kusa da inda Amurkawa suka sauka, akwai kogo biyu da ba su da nisa da juna. A na farko, Chibichiri Gama, mutum wajen 140 suka ɓuya. Ranar 2 ga Afrilu, da suka ga Amurkawa a bakin kogon, tsoro ya rinjaye su, sama da 80 suka mutu a ciki, fiye da rabinsu yara.

A na biyu, Shimuku Gama, mutum kusan 1,000 ne. Su ma hankali ya tashi, har wasu sun fara zancen mutuwa. Amma a cikinsu akwai dattawa biyu da suka taɓa zaman ci-rani a Hawai, sun zauna da Amurkawa, suna jin Ingilishi. Suka ce ma jama'a abin da ake faɗa ba gaskiya ba ne. Suka fita suka yi magana da sojojin, suka shaida musu ba soja a ciki, suka komo suka fito da mutanen da ransu.

Ƙauye ɗaya, kwanaki ɗaya, abokin gaba ɗaya. Abin da ya raba su shi ne, a kogo guda an samu waɗanda suka fita duniya suka gani da idonsu, aka kuma saurare su.

Ƴan matan Himeyuri

Daga makarantun ƴan mata biyu aka kwashi ɗalibai 222 da malamai 18 zuwa asibitin soja na Haebaru, wanda shi ma ramuka ne cikin tudu. Ƴan shekara 15 zuwa 19 ne. Su ke ɗebo ruwa ana harbi, su ke riƙe wanda za a yanke ma ƙafa, su ke fidda gawa. Da runduna ta ja kudu suka bi ta. Daren 18 ga Yuni aka ce musu an sallame su, kowa ta san inda dare ya yi mata, alhali Amurkawa sun kewaye wurin. Cikin mutum 240 ɗin nan 136 ba su koma gida ba, kuma sama da 100 daga cikinsu sun mutu ne bayan wannan sallama. Yau akwai gidan tarihi a bakin ɗaya daga kogon da suka mutu, wanda ƴan'uwansu da suka tsira suka kafa.

Ƙarshen gumurzu

A wannan rana ta 18 ga Yuni harsashin igwa ya kashe Janar Buckner yana duba fagen daga. A ranar ce kuma, can Washington, shugaba Harry Truman ya zauna da hafsoshinsa kan shirin mamaye Japan, ya nuna fargabar kada abin da ya faru a Okinawa ya maimaitu daga wannan ƙarshen Japan zuwa wancan. Ƴan kwanaki bayan haka Janar Ushijima da mataimakinsa Isamu Cho suka kashe kansu a wani kogo da ke Mabuni, a bakin teku. Daga nan rundunar ta watse. An kwana 82 ana yi.

Lissafin da gwamnatin jihar Okinawa ta fitar ya nuna mutum 200,656 ne suka mutu. Amurkawa 12,520, sojojin da suka zo daga sauran sassan Japan wajen 66,000, ƴan Okinawa da aka sa aikin soja wajen 28,000, sai farar hula kimanin 94,000. Watau cikin kowane mutum huɗu na tsibirin, ɗaya ya tafi. Akwai gidajen da ba wanda ya saura ko ɗaya.

Mamayar Japan da aka shirya yi a Nuwamba ba a yi ta ba. Ranar 6 ga Agusta Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima, ranar 9 a Nagasaki, ranar 15 sarkin Japan ya ba da sanarwar miƙa wuya. Masana tarihi da yawa suna ganin asarar Okinawa tana cikin abubuwan da suka sa shugabannin Amurka suka zaɓi bam ɗin, ko da yake har gobe ana gardama kan ko ya wajaba.

Inda labarin ya taɓa mu

Wannan yaƙi da Japan bai tsallake ƙasar Hausa ba. A watannin farko na 1945, lokacin da ake shirin Okinawa, dubban sojojin Afirka ta Yamma da Ingila ta ɗauka suna kurmin Bama suna fafatawa da sojan Japan, cikin runduna ta 81 da ta 82. Da yawa daga cikinsu ƴan arewacin Najeriya ne, da Hausa ake magana a bariki. Su ne dattawan da aka riƙa ce ma ƴan Bama bayan sun komo. Fagen daga daban ne, amma abokin gaba ɗaya ne, kuma miƙa wuyan watan Agusta shi ya buɗe musu hanyar gida.

Bayan ƙura ta lafa

Waɗanda suka tsira a Okinawa an tara su a sansanoni. Da aka sake su, wasu suka tarar an kewaye gonakinsu da waya, an maida su filin jirgi da bariki. Amurka ta ci gaba da mulkin tsibirin shekara 27, da dala ake ciniki, mai son zuwa Japan sai da takardar izini. Sai ranar 15 ga Mayu 1972 aka maida shi hannun Japan.

Amma sojan ba su tashi ba. Okinawa ba ta kai kashi 1 cikin 100 na faɗin ƙasar Japan ba, amma wajen kashi 70 cikin 100 na filayen da aka keɓe ma sojan Amurka kaɗai a Japan a can suke, har da babban sansanin Kadena. A 2019 an yi ƙuri'ar jin ra'ayi, sama da kashi 70 cikin 100 na masu jefa ƙuri'a suka ƙi amincewa da cike teku don gina sabon sansani a Henoko, amma aikin bai tsaya ba. Gwamnatocin Japan da Amurka suna cewa tsaron yankin ne ya sa, mutanen tsibirin da yawa kuma suna cewa kayan ya yi musu nauyi su kaɗai. Tarihin kansa ma ana ja-in-ja a kai: a 2007 dubun-dubatar mutane suka fito zanga-zanga da aka nemi goge hannun soja a mutuwar farar hula daga littattafan makaranta.

Ƙasar ma ba ta manta ba. Har yau magina suna tono bama-baman da ba su fashe ba, masu aikin sa-kai kuma suna shiga kogo suna tattara ƙasusuwa.

A Mabuni, inda yaƙin ya ƙare, an kafa allunan baƙin dutse a 1995, shekara 50 cif bayan yaƙin. An rubuta sunaye sama da 240,000 a kansu: ƴan Okinawa, sojan Japan, Amurkawa, Ingilishi, ƴan Koriya da ƴan Taiwan, ba a ware soja da farar hula ba, ba a ware wanda ya ci da wanda aka ci ba. A wasu wuraren ba suna, sai dai a ce ɗan wane ko ɗiyar wance, don jaririn ya tafi tare da duk waɗanda suka san sunansa. Kowace shekara ana ƙara sabbin sunaye da aka gano. Ranar 23 ga Yuni iyalai sukan zo da furanni da ruwa da abinci, su zauna gaban sunan nasu, tsofaffi suna ba jikoki labari.